Ido Takwas a Siton Auyo

Tun hantsi nake kan tsani a siton ƙungiya,
waya a kafaɗa, ƙusa a baki,
gumi na bin gadon bayana kamar indararo.
Ido takwas Alhaji Mamuda ya sayo daga Kano,
wai buhunan shinkafa suna ramewa cikin dare
alhali ba ciwo suka yi ba.

Kafa ido ba wuya.
Wuyar, a sa su kai rahoto wuri guda.
Kowace kyamara da lambarta, kamar gida a layi,
sai na bi su ɗai-ɗai ina sallama,
in raɗa kalmar sirri a bakin zaure
kafin ta yarda ta kawo abin da ta gani
gaban akwatin da ke tara musu labari.

Ta fari ta amsa: ga ƙofar gabas, ga akuya na lasar gini.
Ta biyu ta kawo sikeli.
Ta uku ta zo a kife,
Baba Ɗanjuma maigadi na tafiya da ka, gorarsa na reto,
ya leƙo allo ya ce, "Yaro, sauke ni, jiri nake ji."
Ta biyar ta ƙi.
Na yi lallashi, na sauya lamba, na tashe ta sau uku,
ashe ɓera ne ya yi kalaci da wayarta cikin rufi.
Na haɗa, na naɗe, ta buɗe ido tana hararata.

Agogo kuwa, kowacce da nata:
wata tana azahar, wata ta kai lisha,
wata tana shekarar da ko auren uwata ba a ɗaura ba.
Shaidun da suka saɓa kan lokaci, alƙali korarsu yake.
Na jera su sahu ɗaya
bayan agogo guda, kamar masu bin liman.

Na kwana nan don in ga ko batir zai kai safiya.
Sauro ya sha, ni ma na sha shayi.
Taga takwas a allo ɗaya, ba mai motsi sai jemage.

Da assalatu ta bakwai ta yi ƙara.
Bayan injin casa, inda ake zubar da ƙaiƙayi,
wata inuwa ta durƙusa da faifai.
Na'ura ta zana mata jan akwati,
ta rubuta minti, ta rubuta daƙiƙa,
tana shirin buga wa Alhaji.
Na matso da hoton.
Gwaggo Tabawa ce.
Ita da ke ba ni ƙosai bashi ina ɗan aji uku,
bashin da har yau ba ta tambaya ba.
Tana sheƙe abin da inji ya tofar,
tana tsince tsakin da ko kaza sai ta yi tunani.

Akwatin nan ya san motsi,
bai san ɓarawo da mai kala ba.

Na ɗauki tsani.
Yatsa biyu kawai na karkatar da wuyan ta bakwai,
ta koma kallon kwaɗo da sakatar ƙofa,
abin da aka sayo ta dominsa.
Ina saukowa na ga Baba Ɗanjuma riƙe da ƙafar tsanin.
Ya ce, "Shekara ashirin ina gadi.
Rabin aikin gani ne,
ɗaya rabin sai an daɗe ake iya shi."

Rana ta ɗaga, Alhaji ya zo ya ƙirga tagoginsa,
takwas cif, ya miƙo mini cikon kuɗi.
"Suna ganin komai?"
Na ce, "Duk buhun da ya motsa, za ka sani."
Can bayan katanga, inda hoto ya ƙare,
faifai na ta tsalle, cas, cas, cas.